Wankin ƙarƙashin dasashi: yadda jinyar wani tela a Zariya ta kai wata shida da rabi

Mutumin da wannan nazari ya shafa tela ne ɗan shekara 54, yana da shago a Tudun Wadan Zariya da yara masu koyon ɗinki a ƙarƙashinsa. Na sakaya sunansa. Abin da ya kawo shi asibitin haƙori ba zogi ba ne. Haƙoransa biyu na gaba, na ƙasa, su ne suka fara girgiza har ya daina iya datse zare da su kamar yadda ya saba tun yana yaron shago. Jini kuwa ya fi shekara biyar yana ganinsa a bakin aswaki kowace asuba, bai taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. "Ai kowa ma dasashinsa na jini, Likita," in ji shi. Warin baki bai ambata da kansa ba. Sai da na tambaya ya sunkuyar da kai, ya ce uwargidansa ta sha yi masa maganar a fakaice, shi ya sa kanumfari ba ya rabuwa da aljihunsa.

Shekara shida ke nan da aka gano yana da ciwon suga. An ɗora shi a kan metformin, amma sai ya ji jikinsa ba daidai ba yake sha. Ba ya shan taba, yana cin goro. Turamensa biyu sun riga sun tafi: ɗaya ya faɗi da kansa yana cin nama, ɗayan wanzami ya ƙarasa cire shi bayan ya daɗe yana lilo. Duk lokacin da dasashin ya kumbura ya tara mugunya, yakan aika yaro kemis a sayo masa Flagyl da amoksisilin, ya sha kwana biyu ko uku, kumburin ya sace, ya ajiye sauran. Bayan 'yan watanni abin ya dawo. Ya gwada gawayi, ya gwada gishiri da ruwan ɗumi. Sakace kuma da fil ɗin ɗinki yake yi.

Ranar farko, a farkon watan Rajab, ba a wanke komai ba. Awo aka yi. Akwai wani siririn ƙarfe mai dakusasshen baki da aka yi wa zanen milimita, ana zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi a ga inda zai tsaya. A lafiyayyen baki ba ya wuce milimita 1 zuwa 3, kuma ba ya fitowa da jini. Kowane haƙori wuri shida ake auna masa, uku ta waje, uku ta ciki. Wannan bawan Allah yana da haƙora 30, wato wurare 180 ke nan, ina faɗin lamba ma'aikaciyar jinya tana rubutawa. Fiye da rabin wuraren sun yi jini da taɓawa kawai. A haƙoran gaba zurfin ramukan da ke tsakanin haƙori da dasashi yana tsakanin 4 da 5. A turame sun kai 6 da 7, akwai ma wuri ɗaya a turmin sama na hagu da ƙarfen ya nutse har milimita 9, mugunya ta biyo shi. A bayan haƙoran gaba na ƙasa, ta wajen harshe, daskararren datti ya haɗe haƙora shida ya zama dunƙule guda, rawaya ta sama, baƙi ƙirin ta ƙasa inda ya shige ƙarƙashin dasashi. Hoton da aka ɗauka ya nuna ƙashin da ke riƙe da haƙoran ya zaizaye, a wasu wuraren har tsakiyar saiwa.

Bisa tsarin da masana suka amince da shi a taron Shikago ta Amurka a 2017, cutar dasashi mai cin ƙashi tana da matakai huɗu na tsanani da rukuni uku na saurin ci. Tasa tana mataki na uku. Gwajin suga na wata uku, wato HbA1c, ya nuna kashi 9.1 cikin ɗari, kuma duk mai ciwon suga da ya kai 7 ko ya haura ana sa shi a rukunin C, wanda cutar ta fi saurin ci. Ba wani baƙon lamari ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan kashi 19 cikin ɗari na manya a duniya, sama da mutum biliyan ɗaya, suna fama da mai tsananin irin wannan cuta. Abin da ya sa take yin nisa kafin a farga shi ne ba ta cika zogi ba. Kogon haƙori kan hana mutum barci ya zo asibiti da gudu, ita kuwa wannan shiru take cin ƙashi.

Da na gama yi masa bayani, tambayarsa ɗaya ce: "To yau za a wanke, ko sai gobe?" Ya zo da tunanin zama ɗaya ne, kamar yadda wani maƙwabcinsa ya je aka wanke masa cikin rabin awa ya fito da fararen haƙora. Na ce masa, "Malam, wancan wankin sama ne, na wanda cutarsa ba ta taɓa ƙashi ba. Naka a ƙarƙashin dasashi dattin yake, manne da saiwa. Zaman kujerar gaba ɗaya ba zai wuce 'yan awoyi ba, amma kafin in iya ce maka ga inda muka tsaya, ka ƙaddara wata huɗu zuwa shida." Ya yi shiru, sannan ya fara lissafin azumi da ɗinkin Sallah a fili. Ina ganin wannan ita ce maganar da ta fi kowace muhimmanci a duk jinyar, kuma a ranar farko ya kamata a yi ta, ɓaro-ɓaro. Mutumin da aka bari da zaton zama ɗaya ne, idan aka ce ya dawo karo na uku sai ya ɗauka kuɗinsa ake so, daga nan ba za a sake ganinsa ba sai haƙori ya faɗi.

Mako biyun farko sun tafi ne a kan shiri. Na rubuta wa likitan da ke duba sugansa takarda, aka gyara masa magani, aka ja masa kunne a kan sha kullum. Dalilin a fili yake: suga da cutar dasashi suna taimakon juna wajen ɓarna. Sugan da bai saitu ba yana raunana garkuwar jiki ya kuma jinkirta warkewar rauni, kumburin da ke cikin dasashi shi kuma yana sa sugan ya ƙi sauka. Mai ciwon suga ya fi wanda ba shi da shi haɗarin kamuwa da cutar kusan ninki uku. Ban jira sai sugan ya sauka gaba ɗaya ba, don in aka ce za a jira hakan ana iya shekara ba a fara ba, amma na so a kama hanya tukuna.

A zama na biyu aka yi wankin sama da na'ura mai kaɗawa da feshin ruwa. Nan ne dunƙulen bayan haƙoran gaba ya ɓalle, wani ɓari ya faɗo masa a kan harshe. Ya ɗaga hannu da sauri aka tsaya, ya tofa shi a tafin hannunsa yana juyawa, fuskarsa ta canza. Ya ɗauka haƙorinsa ne ya karye. Sai da na miƙa masa madubi ya ƙirga su da yatsa, sannan na murƙushe ɓarin da ƙarfe ya ga ya zama gari, hankalinsa ya kwanta. Amma kwana biyu bayan haka ya dawo ba ranarsa ba, ransa a ɓace. "Likita, kun buɗe mini wushirya da tsufana. Kuma girgizar ma ta ƙaru."

Wannan ƙorafi shi ne tushen maganar da ake yawo da ita a gari cewa wankin haƙori yana sassauta haƙora, kuma ba na ganin laifin masu faɗa, don abin da idonsu ya gani suke faɗa. Na ce masa ya tuna katangar ƙasa da ruwan damina ya cinye gindinta, shara ta taru ta tokare ta. Ranar da aka kwashe sharar za a ga katangar na rawa, amma ba mai kwashewar ne ya ci gindin ba, kuma barin sharar da danshinta shi ne zai ƙarasa kayar da ita. Giɓin da yake gani wurin ƙashi da naman da cutar ta riga ta cinye ne, datti da kumburi suka rufe shi. Girgizar takan ragu idan kumburi ya sauka nama ya kama, sai dai ƙashin da ya tafi, galibi ba ya dawowa. Na gaya masa haka ba tare da na sassauta ba.

A zaman nan ne kuma aka zauna a kan yadda zai riƙa tsaftace bakinsa, wanda a gaskiya rabin jinyar ke nan. Ban ce ya bar aswaki ba, ba ni da dalilin cewa haka. Na nuna masa inda aswakin ba ya kaiwa: tsakanin haƙora, da cikin turamen baya. Aka ƙara masa buroshi mai laushi da man goge baki mai fulorayid, safe da dare, minti biyu, bakin buroshin a karkace yana kallon dasashi. Sai ɗan ƙaramin buroshin da ake zurawa tsakanin haƙora, wanda ya fi zaren sakace amfani ga mai faɗin giɓi irin nasa. Ya tambaya ko zaren ɗinki zai yi. Na ce a'a, yana yanka dasashi kuma yana tsinkewa ya maƙale. Fil da datse zare da haƙori kuwa aka yi sallama da su.

Daga nan aka shiga ainihin aikin. An raba bakin gida huɗu, sama dama, ƙasa dama, sama hagu, ƙasa hagu, kowane kashi da ranarsa, mako-mako. Da safe nake ba shi lokaci, bayan ya karya ya sha maganinsa, don kada suga ya faɗi yana kan kujera. A auna hawan jini, a yi allurar kashe wurin, a jira 'yan mintoci leɓe ya yi nauyi. Sai a shiga ramukan da siririn bakin na'ura a farfasa daskararren dattin, a bi da ƙananan ƙarafa masu lanƙwasasshen baki a kankare saiwar da hannu. Aiki ne da ba a ganin inda ake yi. Da yatsu ake ji: inda datti ya rage ƙarfen yakan yi tuntuɓe, inda ya fita yakan zame sumul. Kowane zama ya ci tsakanin minti 50 da awa ɗaya da kwata. Turamen sama sun fi cin lokaci, saboda saiwa uku gare su, kuma idan cutar ta shiga inda saiwoyin suka rabu, wurin ya fi bakin ƙarfen ƙunci.

Akwai wata hanyar, a wanke bakin duka cikin awa 24, a zama biyu masu tsawo. Ƙa'idojin da tarayyar masana cutar dasashi ta Turai ta fitar a 2020 sun yarda da duka biyun, don sakamakonsu bai bambanta sosai ba. Da wani ne mai ƙoshin lafiya da ya taso daga nesa, misali daga Ikara ko Soba, da ita zan zaɓa masa saboda wahalar hanya. Wannan kuwa yana cikin gari, sugansa a sama yake, kuma wanke baki duka a lokaci guda kan tayar wa wasu da zazzaɓi da kasala na kwana ɗaya ko biyu. Ban so in ɗora wa jikinsa wannan ba. Rarrabawar ta kuma ba shi damar biya kaɗan-kaɗan, ni kuma ta ba ni damar duba yadda yake goge bakinsa duk mako.

Zama huɗun sun ɗauki mako biyar maimakon huɗu, don ɗinkin wani biki ya riƙe shi mako guda. Rajab ɗin ya faɗo cikin hunturu, kuma abin da ya fi damunsa ba allura ba ce, ruwan alwalar asuba ne. Saiwar da aka kankare ba ta da ƙaƙƙarfan rufin da saman haƙori ke da shi, ruwan randa na taɓa ta sai zogi ya harba masa har ka. Uwargidan ta koma ɗuma masa ruwa a buta, aka ba shi man goge baki na masu jin zogin sanyi, na ce bayan ya goge ya tofar kawai kada ya kurkure. Cikin mako uku abin ya lafa. An ba shi ruwan kurkure baki na kulohekzidin na mako biyu kacal, saboda in aka daɗe ana amfani da shi yana rina haƙora ya kuma dagula ɗanɗano.

Bai ji daɗin rashin rubuta masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Ya tambaya har sau biyu. Ƙwayoyin da ke haddasa cutar suna zaune ne cikin wani yauƙi da ke manne da saiwa, maganin sha ba ya ratsa shi yadda ya kamata sai an wargaza shi da ƙarfe. Abin da shekarun Flagyl suka yi masa shi ne kwantar da kumburin da zai kore shi zuwa asibiti, cutar kuma tana ci gaba da aikinta a ƙasa. Akwai inda ake haɗa maganin da wankin, musamman ga matasan da cutar ke ci da sauri, amma ba kowa ake ba ba, kuma a nasa lamarin na ga ya fi a fara ganin abin da wankin da gyaran suga za su yi.

An gama a wajen 20 ga Sha'aban. A wurinsa jinya ta ƙare. A wurina lokacin jira ne ya fara, kuma wannan jiran ba a iya gajarta shi. Fatar saman dasashi kan haɗe cikin mako ɗaya zuwa biyu, amma naman ciki yana buƙatar mako shida zuwa takwas kafin ya kama saiwa ya yi ƙwari. Wanda ya zura ƙarfen awo kafin lokacin zai yaga abin da ke warkewa, kuma lambar da zai samu ba gaskiya ba ce. Mako shidan ya faɗo daidai makon Ƙaramar Sallah. Duk wanda ya san tela a goman ƙarshe ya san ba a ma maganar asibiti, a shago suke kwana. Bai zo ba sai ƙarshen Shawwal, kusan mako goma bayan zama na ƙarshe. Jinkirin bai yi illa ba, har yanzu yana cikin lokacin da ake sake awo. Abin da na ji wa tsoro shi ne azumin kansa: bushewar baki da rana, kunu da dabino da lemo da dare, ga gajiyar da ke sa mutum ya kwanta bai goge baki ba. Ya ce aswaki bai bar hannunsa ba da rana, buroshi kuma bayan tarawi da bayan sahur.

Awo na biyu ya nuna ya yi ƙoƙari. Dasashin da ke ja jawur a kumbure ya koma tsaf, ya ɗame. Wuraren da ke jini sun ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar. Yawancin ramukan 4 da 5 sun koma 3, na 6 da 7 sun koma 4 ko 5. Haka aka saba gani: matsakaitan ramuka kan ragu da kusan milimita ɗaya, masu zurfi da kusan biyu, wani ɓangare saboda kumburi ya sace, wani saboda nama ya sake kamawa. Haƙoran gaba suna motsi har yanzu amma ba kamar da ba. Warin ya tafi. HbA1c ya sauka zuwa 7.6. Ba zan ce wankin ne ya yi wannan duka ba, shan magani kullum ne ya ɗauki kaso mafi girma. Bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken likitanci, ta yi a 2022 ta nuna jinyar dasashi kan rage shi da kusan 0.4 bayan wata uku zuwa huɗu, ba ƙaramin abu ba ne, amma ba ya maye gurbin magani.

Abin da ake nema kafin a ce an kai gaci shi ne kada a samu ramin da ya wuce milimita 4 yana jini, kada kuma a samu na 6 ko fiye. Haƙora uku ba su cika wannan ba. Turmin sama na hagu mai rami 9 bai amsa ba ko kaɗan, yana lilo ta kowane gefe har yana nutsewa idan aka danna, mugunya ba ta tsaya ba. Barinsa zai ci ƙashin maƙwabcinsa, don haka aka cire shi a farkon Zulƙida, bayan ya je gida ya yi shawara. A ranar aka sake kankare sauran biyun, turamen ƙasa na dama, aka kuma ɗaure haƙoran gaba na ƙasa ta ciki da siririyar waya da abin liƙi don su tallafi juna ya samu ya ci abinci hankali kwance. Sai wani jiran kuma, wanda ɗinkin Babbar Sallah ya haɗiye.

A tsakiyar Muharram aka yi awo na uku. Ɗaya daga cikin turamen biyu ya koma 4 babu jini. Ɗayan ya tsaya a 6, daidai inda saiwoyinsa suka rabu. Idan aka tara duk zaman da ya yi a kan kujera, daga awon farko zuwa wannan, bai wuce awa takwas ba. A kalanda kuwa wata shida da rabi ne. Ga wanda cutarsa ba ta kai haka ba, ba shi da suga, ba ya shan taba, kuma bai tsallake rana ba, ana iya kammala wankin da sake awon cikin wata biyu zuwa uku. Abin da ya ja nasa shi ne zurfin ramukan da ya zo da su, sugan da sai da aka fara gyarawa, zagaye na biyu da turame suka buƙata, da lokutan ɗinki biyu da babu yadda za a yi da su.

Yanzu yana kan zuwa duk bayan wata uku, a auna, a wanke inda datti ya fara taruwa, a duba wayar da ke riƙe da haƙoran gaba, a tambayi lambar suga. Wannan ba shi da ranar ƙarewa. Ƙwayoyin cutar kan sake mamaye ramuka cikin 'yan watanni, kuma mai rukunin C da ya daina zuwa yakan koma inda ya fito. Idan ya yi shekara komai na tafiya daidai ana iya ɗan faɗaɗa tazarar, amma ban yi masa alkawarin hakan ba.

Turmin da ya tsaya a 6 shi ne maganar da ba a rufe ba. Abin da ya dace da shi ƙaramar tiyata ce, a ɗaga dasashin a ga saiwar da ido a tsaftace ta, kuma na ba shi takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika don ƙwararru su duba su yanke. Ya nemi a ba shi lokaci ya tara kuɗi, kuma ni ma na fi son sugan ya ƙara sauka kafin a taɓa shi da wuƙa. Mun yi yarjejeniya: a kowane zuwa za a fara da auna wannan haƙorin, kuma ranar da ramin ya ƙaru ko mugunya ta dawo, zai kai takardar Shika a makon.